Yadda mai ƙiba za ta bi da abinci, motsa jiki da ƙarin nauyi idan ta samu juna biyu

Mace mai jiki da zarar cikinta ya bayyana, shawara iri biyu ke yi mata rubdugu. Akwai masu cewa, "Ci mana, ai yanzu ba ke kaɗai ba ce." Akwai kuma masu dubanta sama da ƙasa su ce, "Wannan jikin naki, ki rage ci kada haihuwa ta gagare ki." Sai ta rasa wadda za ta kama. Yau ta cika ciki saboda jariri, gobe ta wuni da yunwa saboda tsoro. Duka hanyoyin biyu suna iya cutar da ita da abin da ke cikinta. Abin da ake so daga gare ki a watanni taran nan ya fi haka sauƙi: nauyinki ya ƙaru, amma a hankali, kuma da abinci mai amfani. Rage ƙiba yana da lokacinsa, ko dai kafin ciki ko bayan an sauka lafiya.

Mataki na farko: ki san inda kika tsaya

Ido ba ya auna ƙiba. Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani lissafi da ake kira BMI, kuma ke ma za ki iya yinsa da wayarki. Ki ɗauki tsawonki a mita ki ninka shi da kansa, sai ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Misali mace mai kilo 85, tsawonta mita 1.60. Idan aka ninka 1.60 sau 1.60 za a samu 2.56. A raba 85 da 2.56, ya ba da 33 da 'yan kai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan wuce kima. Daga 30 zuwa sama shi ne ƙibar da muke magana a kai, kuma ita ma hawa-hawa ce: ta mai 31 daban, ta mai 36 daban, ta mai 40 zuwa sama kuma tana buƙatar kulawa ta musamman.

Nauyin da za ki yi wannan lissafi da shi shi ne na kafin ciki, ko na zuwanki awo na farko idan kin je da wuri. Nauyin wata bakwai ba zai ba ki amsa ta gaskiya ba, domin jariri da ruwa sun riga sun shiga lissafin. Wannan ma wani dalili ne na fara awo kafin ciki ya wuce sati 12.

Mataki na biyu: ki san kilo nawa ya kamata ya ƙaru

Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ta fito daga Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka a shekarar 2009. Ta ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16, wadda nauyinta ya ɗan wuce kima ta ƙara 7 zuwa 11.5, mai ƙiba kuwa kilo 5 zuwa 9 daga farkon ciki har haihuwa. Idan tagwaye ne, mai ƙiba za ta ƙara kilo 11 zuwa 19.

Yana da kyau ki fahimci inda kilo 5 zuwa 9 ɗin nan ke tafiya, domin idan kin gane, hankalinki zai kwanta duk lokacin da sikeli ya motsa. Jariri kansa yakan kai kilo 3 zuwa 3 da rabi. Mabiyiya ta haura rabin kilo. Ruwan da jaririn ke kwance a ciki ya kusa kilo guda, mahaifar da ta buɗe ta yi kauri ita ma wajen kilo guda. Jinin jikinki yana ƙaruwa da fiye da lita guda, nono ya cika, jiki ya riƙe ruwa. Ki haɗa waɗannan, kin riga kin kai kilo bakwai ko takwas ba tare da kitse ko ɗaya ya ƙaru ba. Abin da ya sa ake barin siririyar mace ta ƙara fiye da haka shi ne jikinta yana buƙatar tara kitsen da zai yi amfani da shi wajen shayarwa. Ke kuwa kina da wannan ajiyar tun tuni, babu buƙatar ƙara wata a kai.

A watanni ukun farko ƙarin kaɗan ne, rabin kilo zuwa kilo biyu, wata ma laulayi ya sa ta ɗan faɗa. Daga wata na huɗu, abin da ake so shi ne kamar giram 200 zuwa 300 a sati, wato wajen kilo guda a wata. Ki riƙe wannan a ka: kilo guda a wata.

Idan kina da sikeli a gida, ki hau sau ɗaya a sati, da safe, bayan kin yi fitsari, kafin ki ci komai, da kaya marasa nauyi, a kan daɓe mai tauri. Ki rubuta a littafi. Hawa sikeli kullum ba ya ƙara miki komai sai damuwa, domin ruwan jiki kaɗai yana iya sa a ga bambancin kilo guda tsakanin safe da yamma. Amma akwai ƙarin nauyin da ba na abinci ba ne: idan a cikin sati guda kika ga kilo ɗaya ko biyu sun hau, fuska ta kumbura, zobe ya matse yatsa, ga ciwon kai, wannan ruwa ne jiki ke tarawa, kuma yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga. Ranar ki je asibiti, kada ki jira ranar awo.

Mataki na uku: gyara faranti

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Maganar cin abincin mutum biyu ba ta da tushe. A watanni ukun farko jikinki ba ya buƙatar ƙarin kuzari ko kaɗan. A Amurka ana lissafa ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 340 a rana a watanni uku na tsakiya, da 450 a na ƙarshe. A Birtaniya kuwa 200 kacal suke cewa, shi ma a watanni ukun ƙarshe. Ayaba guda da kofin madara sun cike kalori 200 ɗin nan. Ga mai ƙiba, lissafin da ya fi ƙanƙanta ne ya fi dacewa. Abin da jariri ke nema da yawa shi ne sinadaran gina jiki da na ƙarin jini da na ƙashi, kuma waɗannan ba a yawan loma ake samunsu ba.

Ki ɗauki farantin da kika saba ci a ciki, ki raba shi biyu da ido. Rabi guda na ganye da kayan lambu ne, dafaffu ko ɗanyu da aka wanke sosai. Ɗaya rabin ki sake raba shi biyu. Kashi ɗaya na abin gina jiki: wake, kifi, ƙwai da ya dahu sosai, kaza, ko nama marar kitse, kamar girman tafin hannunki. Kashin da ya rage shi ne na hatsi ko doya ko dankali, kamar dunƙulen hannunki. Yawancinmu a juye muke yi, hatsi ya cinye faranti, ganye ya zama ado a gefe. Kwanakin farko za ki ji kamar an rage miki abinci, amma ganye da wake suna cika ciki kuma suna daɗewa kafin su narke, don haka yunwa ba ta saurin dawowa. Ki fara cin ganyen da naman, hatsin ya zo daga baya, za ki ga sau da yawa kin ƙoshi kafin ki cinye.

Hatsin da ba a cire masa dusa ba ya fi wanda aka tace ya yi fari fat. Farar fulawa da farar shinkafa suna saurin komawa suga a cikin jini, mai dusa kuwa a hankali yake saki, ga shi yana maganin taurin bayan gida da ke addabar masu ciki.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da mai ƙiba za ta bari, zan ce lemon kwalba da duk wani abin sha mai zaƙi. Gwangwani guda na lemo mai cin mililita 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35, wato ƙaramin cokali takwas zuwa tara. Ba za ki iya zama ki lashe cokali tara na suga ba, amma a lemo cikin minti biyu kin shanye, kuma ciki bai san an ci komai ba. Ruwan 'ya'yan itace na kwali shi ma kusan haka yake, har wanda aka matse a gida. Ki ci lemon zaƙin da tsokarsa maimakon ki matse uku ki sha. Shayi kuma a rage masa suga kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Ruwa shi ne abin shanki. Idan fitsarinki ya zama ruwan ɗorawa mai haske, kina sha yadda ya kamata.

Na biyu shi ne mai. Babban cokali guda na man girki ya kai kalori 120, kuma wanda ake tuttulawa daga galan ba a san adadinsa ba. Ki riƙa aunawa da cokali. Abin da za a soya a gwada gasa shi ko dafa shi ko turara shi. Wannan gyaran kaɗai yana rage abu mai yawa ba tare da kin rage loma ko ɗaya ba.

Kada ki tsallake abinci, musamman karin kumallo. Mai ciki idan ta daɗe ba ta ci ba, suganta yana saurin sauka, jiri ya kama ta, tashin zuciya ya ƙaru, kuma idan ta zo ci sai ta ci fiye da kima. Sau uku a rana a matsakaicin faranti, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani: dafaffen ƙwai, 'yar gyaɗa cikin tafin hannu, madara marar suga, ko 'ya'yan itace. Idan ciki ya tsufa ƙwannafi ya fara, ki ƙara rage yawan abin da kike ci a zama ɗaya, ki ci na dare awa biyu ko uku kafin kwanciya.

Kwaɗayi fa? Zai zo, kuma ba laifi ba ne. Idan ranki ya biya wani abu mai zaƙi, ki ɗebi kaɗan a ƙaramin faranti ki ci bayan abinci, ki mayar da sauran inda ido ba zai gani ba. Wadda ta hana kanta kwata-kwata ita ce takan wayi gari ta cinye duka. Sai dai idan kwaɗayin na ƙasa ne ko ƙanƙara ko alli, ki gaya wa ma'aikaciyar awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Akwai abin da ba a yi ko kusa: shayin rage teɓa, ƙwayoyin rage ƙiba, allurar rage nauyi irin su Ozempic, da tsarin cin abinci da ke haramta hatsi gaba ɗaya ko ya sa mutum wuni da yunwa. Idan kina kan ɗaya daga cikin magungunan nan kika gane kina da ciki, ki sanar da likita nan take. Hanta kuma, duk da sunan da ta yi wajen ƙara jini, ana hana mai ciki yawan cinta saboda bitamin A da ke cikinta ya yi yawa, yana iya yi wa halittar jariri illa. Kofi da shayi mai ƙarfi kada sinadarin kafeyin (caffeine) da ke ciki ya wuce miligiram 200 a rana, kamar shan kofi sau biyu ke nan.

Mataki na huɗu: magungunan awo

Ƙiba ba ta nufin jini ya wadata. Mace tana iya zama da jiki sosai alhali jininta ya yi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha sinadarin ayon mai ƙara jini miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum. Folik asid ya fi muhimmanci tun kafin ɗaukar ciki har zuwa sati 12, lokacin da lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. Wasu likitoci kan rubuta mai ƙarfi, miligiram 5, musamman ga mai ciwon suga ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai matsalar laka. Ki tambaya kuma game da bitamin D, domin masu ƙiba sun fi fama da ƙarancinsa. Idan BMI ɗinki ya kai 35 kuma akwai wani dalili a kai, kamar cikin fari ko shekaru 40, likita na iya ba ki ƙaramin asfirin daga sati 12 don rage haɗarin hawan jinin ciki. Wannan da rubutun likita ake sha, kada ki saya da kanki.

Mataki na biyar: motsa jiki

Abin da ake nema minti 150 ne a sati, wato minti 30 a kwana biyar. Idan ba ki saba ba, wannan adadin na gaba ne, ba na yau ba. Ki fara da minti 10 a rana. Bayan sati ki mayar 15, sannan 20, har ki kai. Kuma ba dole sai a lokaci ɗaya ba: minti 10 bayan karin kumallo, 10 bayan na rana, 10 bayan na dare sun cika 30. Ni wannan tsarin na fi so wa mai ƙiba, domin tafiya bayan cin abinci tana sa tsoka ta zuƙe sugan da ya shiga jini, kuma gwiwa ba ta wahala kamar a doguwar tafiya.

Tafiya da ƙafa ita ce uwa. Ki sa takalmi marar tsini mai riƙe ƙafa, da rigar nono mai tallafe ƙirji sosai, ki riƙe gorar ruwa, ki zaɓi lokacin da rana ba ta da zafi. Minti biyar na farko a hankali, sannan ki ɗan ƙara sauri, minti biyar na ƙarshe ki sake sassautawa. Ga yadda za ki gane saurin ya yi daidai: numfashinki ya ƙaru, jiki ya ɗumama, amma kina iya yin hira da wadda kuke tafe tare. Idan magana ta fara yankewa, kin wuce gona da iri, ki rage. Idan cinyoyi suna gogar juna har su saɓule, gajeren wando mai laushi da ke kama jiki a ƙarƙashin kaya yana magance wannan. Ƙaramin abu ne, amma ya sa mata da yawa sun bar tafiya ba su gaya wa kowa dalili ba.

Ninƙaya ko tafiya cikin ruwa suna da daɗi ga mai nauyi, domin ruwa ke ɗauke jikin. Keken motsa jiki na girke shi ma ya yi. Sau biyu a sati ki ɗan ƙarfafa tsoka: ki zauna a kujera mai ƙarfi ki miƙe sau 10 ba tare da dafa hannu ba, ki dafa bango da tafukanki ki tura jiki gaba da baya sau 10. Kada ki riƙe numfashi yayin yi.

Sai tsokokin ƙasan mara, waɗanda kike matsewa idan kina son riƙe fitsari. Nauyin jiki da na ciki duka a kansu suke sauka. Ki matse su ki ƙirga biyar zuwa goma, ki saki, sau 10, sau uku a rana, ko a zaune ko a kishingiɗe. Babu wanda zai san kina yi, kuma yana rage yoyon fitsari lokacin tari ko atishawa.

Daga sati 16 kada ki daɗe kwance rigingine wajen motsa jiki, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ki guji tsalle-tsalle da duk wasan da za a iya faɗuwa ko a bugi ciki. Ki dakata ki nemi asibiti idan kin ga jini, ko ruwa yana zuba, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko mara tana murɗawa a kai a kai, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi, domin ciki da ƙiba duka suna ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, ko mabiyiya ta tare hanya, ko take zubar jini, ko hawan jininta ya tsananta, ko take da ciwon zuciya, sai abin da likitanta ya ce.

Mataki na shida: abin da za ki nema a wurin awo

Na san akwai matan da ke gudun awo saboda maganar da ake yaɓa musu a kan jikinsu a gaban mutane. Abin yana da ciwo, kuma bai dace ba. Amma don Allah kada baƙar maganar wani ta hana ki haƙƙinki, domin ke ce kika fi kowa buƙatar gwaje-gwajen nan.

Ki lura da abin da ake naɗa miki a dantse wajen auna jini. Idan ya yi miki kaɗan, yana ɓallewa ko da kyar ya zagaye hannun, lambar da zai bayar za ta fi ta gaskiya hawa. Ki ce a kawo babba. Idan an auna da wanda ya dace aka ga 140 bisa 90 ko sama, wannan abin bibiya ne.

Ki nemi gwajin suga na masu ciki tsakanin sati 24 da 28. Za ki zo ba ki ci komai ba tun dare, a ɗebi jini, a ba ki ruwan gulukos giram 75 ki sha, a sake ɗiba bayan awa biyu. Wasu ana yi musu tun farkon ciki, musamman wadda ta taɓa yin sugan ciki. Kada ki ce ai kina kiyaye abinci don haka ba kya buƙata. Wani babban bincike da aka buga a Birtaniya a 2015, mai suna UPBEAT, ya bi mata masu ƙiba 1,555. Waɗanda aka koya wa gyaran abinci da motsa jiki sun ci abinci mafi kyau kuma ƙarin nauyinsu ya ɗan gaza na waɗanda ba a koya wa ba, amma sugan ciki ya kama su kusan daidai da sauran. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke hana insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki yadda ya kamata, don haka idan ya same ki, ba sakacinki ba ne. Gano shi da wuri ne ke hana jariri yin girman da zai wuce kilo 4 har kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa.

Hoton ciki yakan yi wuyar gani sosai idan fatar ciki tana da kauri, don haka kada ki tsorata idan an ce ki dawo a sake. Idan maigida ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ki faɗa wa likita. Daga sati 28 ki riƙa kwanciya a gefe, da matashi tsakanin gwiwoyi, kuma ki san yadda jaririnki ya saba motsi. Ranar da motsin ya ragu, ranar za ki je a duba.

Tun ciki yana wata bakwai ku tattauna inda za ki haihu. Mai ƙiba ta fi fuskantar doguwar naƙuda da zubar jini bayan haihuwa da yiwuwar tiyata, saboda haka asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye ya fi miki, ko da yake da yawa suna haihuwa da kansu lafiya lau. Idan BMI ya kai 40, ki nemi ganin likitan da ke sa barci kafin ranar, ya duba bayanki da jijiyoyin hannunki tun babu gaggawa. Idan kuma an same ki da sugan ciki, kafin a sallame ki ki sa a rubuta miki ranar da za ki dawo a sake gwaji, tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan ki ci gaba da gwadawa lokaci-lokaci ko da sakamakon ya fito lafiya.